Lallen Inna a Kwalbar Azurfa

Salamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Ku matso kusa, yau asirin kaina zan tona. Ina zaune a ɗakina, kan sabuwar ledar da Umma ta sa aka shimfiɗa jiya saboda baƙi. Ɗan yatsana na hagu a ƙunshe yake, an naɗe shi da leda an ɗaure da zare. In aka kwance ƙunshin nan, launin da ya fito shi zai gaya wa mahaifiyata cewa autarta ɓarauniya ce.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Sadiƙa, a gida Auta ake ce min. Ƙauyenmu yana bayan Minjibir kaɗan, inda gonar wani take manne da ta wani, ba ka gane iyaka sai da shinge. Ina digiri na biyu a birni, kullum ina hanya, direbobin tasha har sun haddace fuskata. Yau Asabar, bayan la'asar kawunnan Ridwan za su zo wurin Baba a sa mana rana. Ya kamata in kasance ina gwada ɗinki a gaban madubi. Ga ni nan ina kallon yatsa.

Sai na fara da Inna, don komai daga wurinta ya taso.

Inna Kaltumi ita ta haifi Umma. Babarbariya ce, tana yarinya aka kawo ta aure daga Barno, ta zo da irin lalle a ƙulle a gefen lafayarta. Ta shuka shi a iyakar gonar kakanmu, layi guda tun daga gindin ɗorawa har bakin hanyar shanu. Har ta koma ga Allah Hausarta ba ta miƙe ba, mu kuwa jikoki ba mu daina tsokanarta ba, ita ma ba ta taɓa barin bashin magana ya kwana ba. Ni ce 'yar rakiyarta. In kaka ta yi, an girbe gero an ɗaure dawa, sai ta yafa lafayarta mai ruwan toka ta ce, "'Yar boko, ajiye biron nan, ɗauko ƙwarya."

Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙamshin furen lallen nan da hantsi. Mu zage ganye, ƙayoyinsa su yi ta kartar mana hannu, ni ina mita ita tana waƙar da ban taɓa gane ko kalma ɗaya a cikinta ba. Matan unguwa a tsakar gida suke shanya nasu. Inna kuwa a ƙuryar ɗakinta take shimfiɗa tabarma, ta baza ganyen, ta sako labule.

"Inna, ga rana kyauta, sai ki cika mana ɗaki da ganye?"

"Rana tana shanye masa ƙarfi. Ke da aka shanya a makaranta, me ya rage a kanki?"

Akwai kuma zobenta na azurfa da take jefawa a cikin randa. Ta ce ruwan da azurfa ta kwana a ciki ba ya wari. Mun yi mata dariya har muka gaji.

Shekara uku da suka wuce ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, a gindin shingen nan nata. Tana da ciwon suga, raunin ya ƙi rufewa. A nan Ridwan ya shigo rayuwarmu. Ma'aikacin jinya ne, shi yake zuwa gida a kan babur yana wanke mata ƙafa, da farar riga da 'yar jakarsa baƙa. Inna ta raɗa masa suna Angona. "Angona, a hankali, ƙafar amarya ce." Shi kuma ya sunkuyar da kai yana dariya, kunnuwansa kaɗai ake gani. Ni ce mai riƙe roba da ruwan ɗumi. Kada ku tambaye ni ranar da na fara sa kwalli kafin ya iso, ban sani ba, Inna ce ta riga ni lura.

Wata rana a soro ya nuna min takardar gwaji. Ya ce, "Sadiƙa, duk maganin da aka jera a nan, ƙwayar cutar ta saba da shi. Ba ya yi mata komai." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A kakar ƙarshe ni kaɗai na je na zago ganyen, bai fi rabin ƙwarya ba. Ta shanya a ɗaki kamar kullum. Da ya bushe ta sa aka jingina ta da bango, ƙafarta a kan matashi, ta daka da hannunta a ƙaramin turmi, tana yi tana hutawa. Ta tankaɗe da tsohon mayafi, ta juye a wata 'yar langa mai zanen jan fure, ta miƙa wa Umma a gabana.

"Wannan na ranar Auta ne. Ta gama bokonta tukuna. Ko ba na nan, hannuna ya taɓa hannunta."

Ba ta ga damina ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Da aka raba gado, ɓangaren shingen ya faɗa wa Kawu Nababa. Bai shekara ba ya sayar. Yanzu gidan kaji ne a wurin, an ja katangar bulo, an tumɓuke lallen har saiwa. Ranar da motar tumɓuka ta zo Umma ba ta ci abinci ba. Abin da ya rage na Inna a gidanmu shi ne lafayarta guda biyu, da zungurun da take sa hannu in ta yi ƙunshi, da langar nan da Umma ta ɓoye a ƙasan akwatinta.

To, ga inda na shigo da nawa.

Aikina a makaranta shi ne wannan. Ana dafa garin ganye a ruwa a tace, a ɗiga ruwan a cikin ruwan gishirin azurfa. In ganyen yana da ƙarfi, sai ya farfasa azurfar ta koma ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko da gilashin ƙara girma na aji ba ka ganinsu. Alamar da muke jira ita ce launi. Ruwan yakan tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ƙasa-ƙasa. Daga nan sai a shafa ƙwayar cuta a faranti, a huda rami a tsakiya, a ɗiga ruwan, a kwana. Washegari in ka ga fili fes ya zagaye ramin, kamar zobe, to azurfar ta kashe ta a nan. Girman zoben shi ne sakamakonka. Ƙwayoyin cutar da nake gwadawa kuwa irin na raunin da ya ƙi magani ne. Ba sai na gaya muku dalilin da na zaɓe su ba.

Wata biyar ina fama. Na gwada darbejiya, na gwada zogale, zoben bai fi bakin kwalli ba. Na sayi lallen ƙulli a kasuwa, sai ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba, ashe an gauraya shi da rini. Dokta Hashimu, malamin da ke duba aikina, ya ɗaga kwalbar ya girgiza ya ce, "Malama Sadiƙa, wannan kunu ne ko bincike?" Na koma bayan ɗakin gwaji na sha kukana.

A takardar da muke bi an rubuta cewa a shanya ganye a inuwa, kada rana ta taɓa shi. Ina karanta layin nan na ji muryar Inna a kunnena.

Ranar wata Laraba Umma ta tafi barka. Na shiga ɗakinta, na ɗaga kayan akwatin ɗaya bayan ɗaya, ina lura da yadda aka ninke kowanne. A raina na ce, cokali ɗaya ne, ko Inna da kanta ba za ta hana ni ba. Da na buɗe murfin, ƙamshin ya bugi hancina, sai da na zauna a ƙasa.

Jama'a, minti goma bai cika ba ruwan ya juya. Ina tsaye ina kallonsa yana duhu a hankali, babu dunƙule ko ɗaya. Washegari na buɗe akwatin ɗumin da muke kwantar da farantai, na ɗauko nawa na ɗaga wa taga. Zobe ne sosai, faɗinsa ya kai zoben da Inna take jefawa a randa. Na san a faranti ne kawai, ba a jikin mutum ba, tsakaninsa da zama magani akwai tafiyar shekaru, watakila ma ba zai kai ba. Amma irin cutar da ta cinye ƙafar kakata ce ta ja da baya a gaban ganyen kakata. Na rungume farantin nan a ƙirji kamar mahaukaciya, har mai kula da ɗakin gwaji ya tambaye ni ko lafiya.

Daga cokali ɗaya aka koma biyu. Sau uku aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, ruwan ganyen da na ajiye a firji ya lalace. Sau ɗaya hannun hijabina ya ture kwalba. Ga gwajin zafi, ga na yawan ganye, ga wanda aka aika wata jami'a a ɗauki hoton ƙwayoyin. Duk cokalin da na ɗiba sai in mayar da na kasuwa a madadinsa, don kada langar ta yi ƙasa. Tun ina jin kunya har hannuna ya saba. Ranar Talatar nan na kwashe ɗan abin da na tabbatar na Inna ne zalla, wanda tun farko na ware a gefe, na auna a sikeli. Giram ashirin. Yana cikin jakata yanzu haka, a 'yar leda mai lamba. Abin da ke cikin langar Umma, kusan duka na kasuwa ne.

Shekaranjiya Dokta ya kira ni ofis.

"Sau biyu kika samu sakamako mai kyau. Sai an yi na uku kafin in sa hannu ki kare aikinki. Litinin za ki yi shi."

"Dokta, in na samo wani lallen mai kyau fa, daga wata gona?"

"Wani ganye, wani aiki ne. Sai ki koma farko, wata takwas ko tara. Me ya sami na wurinki?"

"Babu komai, Dokta. Akwai."

Akwai ɗin ke nan, giram ashirin. Ya isa gwaji ɗaya. Ya kuma isa a shafa a tafin hannun amarya, in an yi tattali. Ba zai yi duka biyun ba.

Ridwan kaɗai ya san zancen. Bari in kwafo muku saƙonninmu na jiya da yamma.

Shi: Na je gidan kajin. Na zagaye katangar sau biyu, har mai gadi ya ɗauka ɓarawon ƙwai ne.

Ni: Ko tsiro ɗaya?

Shi: Babu. Sun zuba siminti har bakin hanya.

Ya turo hoto. Katanga ce fara, ga ɗorawar nan ta Inna tana leƙowa ta sama. Na daɗe ina kallon hoton.

Ni: Na shiga uku, Ridwan.

Shi: Ki gaya wa Umma da bakinki kafin ta gani da idonta.

Ni: Kai za ka iya?

Shi: A'a. Shi ya sa na ce ke.

Ni: Allah Ya shirye ka.

Shi: Amin. Sadiƙa, ni ko da farin hannu aka kawo ki, ina so. In wata tara za a ƙara, zan jira. Amma ba ni aka yi wa alkawarin lallen nan ba, ba kuma a hannuna aka ba da ajiyarsa ba.

Na kife wayar. Gaskiyarsa ce ta ba ni haushi.

Yau da sassafe Goggo Safiyatu, ƙanwar Baba, ta sauka daga Bacirawa, cikin leshi ruwan hoda da ɗaurin da ya kusa taɓa ƙofar soro, da kular cincin a hannu. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Auta, yau dai Allah Ya yi. Shekara biyu bawan Allah yana sintiri, tayar babur ɗinsa ta suɗe a hanyar gidan nan. Ke kuma kullum gwaji, gwaji. Sa'o'inki suna yaye na biyu."

"Goggo, ina kwana?"

"Lafiya lau. Wata nawa ya rage a bokon?"

"In Allah Ya so, biyu."

"Na ji da kunnena. Wata biyu zan gaya wa Yaya ya faɗa musu, kada ki zo min da wani gwajin."

Umma tana bakin murhu tana juya waina, da ɗaurin ƙirji da tsohon ɗankwali, tana murmushi. Goggo ta ce ta san wata mai zanen lalle a birni, baƙi da ja, irin na yayi. Umma ta ajiye cokalin.

"A'a, Safiya. Auta tana da lallenta."

Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da langar a rungume, ta goge murfin da gefen zaninta.

"Shekara biyu da rabi yana ajiye. Lalle in ya daɗe yakan yi sanyi. Bari in gwada ko yana kamawa, in san yawan lemon tsamin da za a sa. Kawo yatsanki."

Sau uku na buɗe baki. Wallahi sau uku. Amma ta riga ta ɗebo da bakin cokali, tana kwaɓawa a murfin kwalba, tana ba Goggo labarin nata bikin, yadda Inna ta ƙunsa mata da kanta, jan ya yi wata biyu bai fita ba. Idonta ya cika da hawaye, tana dariya. Na miƙa mata hannu.

To ga ni. Awa biyu ke nan. Na san halin lallen kasuwar nan, na gan shi a kwalba. Na Inna ja yake fitowa, ja mai haske. Wannan kuwa...

Umma tana kirana. Ku dakata.

Na dawo. An yi sallar azahar, ban iya cin komai ba. Bari in gaya muku yadda aka yi.

A ɗakinta na same ta ita kaɗai, Goggo ta shiga maƙwabta aron faranti. Tana zaune a bakin gado, ta yi wanka ta sa atamfarta shuɗiya ta fita unguwa, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Ta kamo hannuna, ta tsinke zaren da haƙori, ta zare ledar, ta goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Baƙi ne. Baƙi mai ɗan ja a gefe, kamar na ƙone da murfin tukunya.

Ta juya yatsan, ta sake juyawa. Ta jawo langar ta buɗe, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta sa yatsa ta tono har ƙasa ta sake shinshinawa.

"Sadiƙa."

Rabon da Umma ta kira sunana tun ina firamare.

Na durƙusa. Na faɗa mata komai, tun daga ranar barka. Na faɗi zancen inuwa, da ruwan da ya juya, da zoben da ke faranti, da irin cutar da nake zuba wa ruwan. Na jira mari, na jira faɗa. Da ta yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi.

"Duk daren Juma'a nakan buɗe akwatin nan in taɓa langar," ta ce. "Ba na buɗe murfin, don kada ƙamshin ya fita. Ashe lallen kasuwa nake yi wa sallama."

Na fashe da kuka. "Umma, ki yafe min."

"Akwai saura?"

Jakata tana rataye a ɗakina. In na ce babu, Litinin zan yi gwajina, in gama, a ɗaura aure nan da wata biyu, kowa ya huta. Wallahi sai da ƙaryar ta zo har bakina.

"Akwai, Umma."

Na je na ɗauko. 'Yar leda ce, ba ta cika tafin hannu ba, da lambar da na rubuta da baƙin biro. Ta buɗe a hankali ta kai hanci. Sai ta rufe ido, kafaɗunta suka fara rawa, ta ce "Inna," can ƙasa-ƙasa, kamar tana ƙofar ɗakinta tana neman izinin shiga. Ban taɓa ganin mahaifiyata ta koma yarinya ba sai yau.

Da ta natsu ta share fuska. Ta ce, "Cutar da ke farantin naki, irin tata ce?"

"Irinta ce, Umma."

"Kuma ta gudu?"

"A faranti dai ta gudu. Sau biyu. Sai an yi na uku za a yarda."

"In ba a yi ba fa?"

"Sai in koma farko. Wata tara."

A waje na ji Goggo ta dawo tana kiran a fito da tabarmi, baƙi sun kusa. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na san Ridwan ne, ban duba ba. Umma ta naɗe ledar, ta kamo gefen zaninta, ta ƙulle ta a ciki tamau, ƙulli biyu, yadda aka ce Inna ta ƙullo irin daga Barno. Ta miƙe ta gyara ɗankwali.

"Tashi ki wanke fuska, kada baƙi su ga idonki. Wannan kuma a wurina zai kwana. Litinin tare za mu hau mota. Wata bakwai na yi ina kallon cutar nan tana cin uwata ban iya yi mata komai ba. Sai na ga ta gudu da idona, sannan in san ko hannunki zan ba, ko kwalbarki."